Tukwane Biyu da Yashi: Yadda Nake Koyar da Binciken Kimiyya a Aji

Duk wanda ya taɓa koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare ya san darasin nan na matakan bincike: lura, tambaya, hasashe, gwaji, sakamako. Malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, ran jarrabawa su jero su tiryan-tiryan. Amma ɗauki yaron da ya cinye makin duka, ka miƙa masa tumatir shida, ka ce ya gano maka inda za a ajiye su su fi daɗewa ba su ruɓe ba. Zai tsaya yana kallonka. Bai san ta inda zai fara ba, domin ba a taɓa barinsa ya yi zaton wani abu da kansa, ya gwada, ya ga ko zaton nasa ya tsaya ko ya faɗi ba.

Hanyar da na ga ta fi kama yara ita ce a ba su abin da za su haɗa da hannunsu, abin da ke da amfani a gidajensu, sannan a matsa musu su auna ko ya yi aiki. Haɗawar ce ke jawo hankalinsu, amma a wurin awon ne darasin yake. Aikin da na fi dogara da shi shi ne firjin tukwane: ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen buhu a bisa.

Na zaɓe shi ne saboda namu ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, Allah ya jiƙansa, malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, kuma jinin magina tukwane ne. A shekarun 1990 ya zauna ya yi ta gwada wannan dabara har ya daidaita ta, ya sa magina suka ƙera dubbai aka raba a ƙauyuka. A shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a kan wannan aiki. Daga cikin alƙaluman da aka ruwaito daga gwaje-gwajensa, yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahu kuma da kan yi yaushi a yini guda ya kai kwana 12. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka dame shi shi ne 'yan mata da ake hana zuwa makaranta don su yi tallar kayan lambu kafin ya lalace. Nakan ba yara labarinsa, amma sai a ƙarshen mako na farko. Idan ka faɗa musu tun da wuri cewa wani babban mutum ya riga ya tabbatar da abin, to ka kashe binciken, don babu yaron da zai yarda ya rubuta lambar da ta saɓa wa mai lambar yabo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne zango na biyu, daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, sa'ad da iska ta bushe ƙamas. Dalilin zai fito a gaba.

Kayan da za ka tanada

Je wurin mai ginin tukwane da kanka, kada ka aika. Kana bukatar manya da ƙanana waɗanda idan aka saka ƙaramar a cikin babbar za a samu ratar yatsa biyu zuwa uku ta kowane gefe. Su zama na yumɓu zalla, ba fenti, ba shafen siminti. Ka roƙa a ba ka waɗanda hannu ɗaya ya gina, masu girma ɗaya. Masu ɗan ɓantaren baki sun wadatar kuma sun fi araha, amma mai tsaguwa a gindi ka bar ta. Idan ajinka ya kai yara 70 ko 80, kamar yadda namu suke, haɗi bakwai ko takwas sun isa, kowane rukuni da nasa.

Yashin rafi, a wanke shi a tankaɗe da rariya. Buhun algarara, a yayyanka shi daidai wa daida. Ƙananan kofuna iri ɗaya, ɗaya ga kowace tukunya. Gorar ruwa wadda aka rubuta yawan abin da take ci a jikinta, ita ce mudun ban ruwa. Littafin rubutu guda ga kowane rukuni, da biro.

Sai ma'aunin zafi, kuma a nan ne mutane kan yi asarar kuɗi. Wanda ake sayarwa a kemis don zazzaɓi yana farawa ne daga wajen digiri 35 ya tsaya a 42, saboda haka ba zai nuna maka komai ba a cikin tukunya mai sanyi. Na ɗakin gwaje-gwaje ake so, dogon nan na gilashi da ke tashi daga ƙasa da sifili ya wuce 100. Duba kabad ɗin makaranta tukuna, sau da yawa akwai su a kwali ba a taɓa buɗewa ba. Ko biyu ka samu za su yi, sai a riƙa zagayawa da su. Idan babu ko ɗaya, aikin bai mutu ba: kwanakin da tumatir ya yi kafin ya lalace su ma awo ne.

Darasin farko: kada tukunya ta shigo aji

Na fi so in shiga da tumatir biyu, ɗaya lafiyayye, ɗaya ya fara ruwa. In tambaya wa ake sayar da kayan miya a gidansu, kuma me ake yi da abin da ya kwana. Nan da nan aji zai ɗau surutu, don kowa ya san wannan asarar. Daga nan sai in sa bokitin ruwan da ya wuni a cikin ajin, kowa ya tsoma hannu ɗaya ya bar ɗayan a bushe, su ɗaga duka biyun su kaɗa. Wanne ya fi sanyi? Jiƙaƙƙen. To me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, alhali a rijiya ɗaya aka ɗebo su kuma a inuwa ɗaya suka wuni?

Kada ka amsa. Wannan shi ne wuri mafi wuya ga malami, don bakinmu ya saba da ba da amsa. Rubuta duk abin da suka faɗa a allo yadda suka faɗe shi. Za ka ji wani ya ce ƙasa sanyi gare ta. Wata ta ce ai randa a kan yashi ake girke ta, yashin ne ke ba ta sanyi. Wani ya ce kaurin randar ne ke tare zafi. Wata kuma ta ce randa tana zufa, jarka ba ta yi. Amsa ta ƙarshen ita ce ta fi kusa, amma kada fuskarka ta nuna. Duka huɗun hasashe ne masu daraja, domin kowanne ana iya gwada shi.

Sai ka koya musu su mayar da kowace magana ta zama alkawarin da za a iya kamawa. "Yashi ne ke kawo sanyi" magana ce kawai. "Idan yashi ne ke kawo sanyi, to tukunya mai busasshen yashi za ta yi sanyi daidai da mai jiƙaƙƙe" kuwa alkawari ne, ranar Juma'a za a ga ko ya cika. Kowane rukuni ya rubuta nasa a shafin farko da biro, da kwanan wata, da lambar da suke zato: digiri nawa suke jin tukunyarsu za ta kasa iskar waje. Ni kuma in sa hannu a ƙasa. Sa hannun nan yana da muhimmanci ƙwarai. Yaro idan ya ga sakamako yakan manta abin da ya zata da farko, ya rantse da gaskiyarsa cewa dama haka ya ce.

Gwajin adalci

Darasi na biyu gaba ɗaya na wannan ne, kuma idan lokaci ya ƙure maka, rage komai ka bar shi.

Nakan fara da labarin Francesco Redi, wani likita a Italiya. A zamaninsa an yarda cewa ruɓaɓɓen nama da kansa yake haifar da tsutsa. A shekarar 1668 ya bayyana gwajin da ya yi: ya zuba nama a kwalabe, wasu ya bar su a buɗe, wasu ya toshe. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kawai. Don kada a ce rashin iska ne ya hana, sai ya rufe wasu da ƙyalle mai shara-shara wanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya iya shiga, nan ma naman bai yi tsutsa ba. Sai in tambayi yara: da buɗaɗɗun kwalabe kaɗai ya ajiye, me zai iya cewa? Da kuma a buɗaɗɗun ya sa kifi, a rufaffun ya sa naman shanu fa? Su da kansu za su fito maka da ƙa'idar: dole a samu abin kwatantawa, kuma abu ɗaya tak ake sauyawa.

Daga nan kowane rukuni ya raba shafi gida uku: abin da za mu sauya, abin da za mu auna, abin da za mu bari yadda yake. Gida na uku shi ne ya kamata ya fi tsawo. Girman tukunya, wurin ajiya, yawan ruwa, lokacin ban ruwa, irin murfi, yawan tumatir, lokacin awo. Bar su su yi ta ƙarawa har sai shafin ya cika.

Rabon da nake yi a makon farko ga shi. Rukuni ɗaya na riƙe da tukunyar shaida, wato ƙaramar tukunya ita kaɗai, ba yashi ba ruwa, da busasshen murfi. Da ita za a gwada kowa. Rukuni na biyu tukwane biyu da busasshen yashi. Na uku da na huɗu cikakken haɗi da jiƙaƙƙen yashi, su biyun abu ɗaya sak suke yi. Na biyar jiƙaƙƙen yashi, amma an naɗe babbar tukunyar da leda an ɗaure tam, an kuma rufe saman da leda. Na shida cikakken haɗi a lungun da iska ba ta kaɗawa, na bakwai cikakken haɗi a tsakiyar rana. Sauran duka a inuwa ɗaya, a baranda ko gindin darbejiya.

Yara kan tambaya me ya sa rukuni biyu za su yi abu ɗaya. Ka ce su jira Juma'a. Abin da za su gani shi ne tukwane biyu da aka yi wa komai iri ɗaya ba sa ba da lamba ɗaya daidai. Idan waɗannan biyun suka bambanta da digiri ɗaya, to duk wanda ya zo yana murnar ya fi wani da digiri ɗaya bai nuna komai ba tukuna. Wannan fahimta tana da wuyar faɗa da baki, amma da tukwane biyu a gabansu takan shiga da kanta.

Masu tukunyar shaida da masu busasshen yashi sukan ji an ba su aikin banza. Zauna da su ka nuna musu cewa lambar kowa a ajin ba ta da ma'ana sai an ɗora ta a kan tasu. Nakan ƙara musu da riƙon ma'aunin iskar waje, don su san su ne ginshiƙin aikin.

Tumatir kuma a sayo daga kwando ɗaya, masu nuna ɗaya, a kasa su huɗu-huɗu, a raba da ƙuri'a. In ba haka ba masu ƙarfin aji za su tsince masu tauri. Kafin a saka ko ɗaya a tukunya, aji ya amince da abin da ake nufi da lalacewa, a rubuta a bango: ya lotsa idan an danna bai dawo ba, ko ya yi baƙin tabo, ko ya fara tsiyayar ruwa. Idan ba a yanke wannan tun farko ba, ranar ƙirga kowa zai kare tumatirinsa.

Haɗawa

Wannan ba ya cin lokaci. A jiƙa tukwanen da za su sha ruwa tun jajibiri. A zuba yashi a gindin babbar har bakin ƙaramar ya zo daidai da bakin babbar, a zaunar da ita a tsakiya, a cika gefe da yashi ana girgizawa. A zuba ruwa a hankali har yashin ya ƙoshi, kada ya yi yawa ƙaramar ta taso. A rubuta gora nawa ya sha. A saka tumatir, a saka kofi mai ruwa rabi a tsakiyarsu, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ku haɗa ranar Litinin da safe don ku samu kwana biyar a jere. Idan akwai awaki a harabar makaranta, ku kewaye wurin da bencina ko ƙaya, ku kuma gaya wa maigadi abin da ake yi.

Kofin ruwan nan shi za a riƙa aunawa. Iskar cikin tukunya tana sauyawa da zarar an ɗaga murfi, ruwa kuwa yana riƙe sanyinsa har a gama karantawa.

Makon awo

Kafin awon farko, tsoma duk ma'aunan a bokiti ɗaya, a jira, a karanta. Sau da yawa za ka ga ɗaya ya ce 29, ɗaya ya ce 30. Manna ɗan tef a jikin kowanne, a rubuta bambancinsa, a riƙa gyarawa a lissafi. Yara kan yi mamaki ƙwarai da suka ga na'ura ma tana iya saɓawa da 'yar'uwarta.

Sau uku a rana: bayan taron safe, lokacin tara, da dab da tashi. Ban ruwa sau biyu, da safe da kuma tashi, gora daidai ga duk masu jiƙaƙƙen yashi, kuma a auna kafin a ba da ruwa. Kowane awo lamba biyu ne, ta kofi da ta iskar inuwa a daidai wannan lokaci.

Tsaya kusa da su a rana ta farko ka kalli yadda suke karantawa. Za ka ga yarinya ta zaro ma'aunin daga kofi, ta riƙe kan da yatsunta, ta kawo shi kusa da fuska tana lumshe ido ɗaya, jan layin yana hawa a hannunta tana bin sa. Kada ka karɓe. Tambaye ta zafin me take aunawa yanzu, na ruwan ko na yatsunta. Za ta mayar da shi cikin kofin, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da layin, 'yar'uwarta ta ƙirga sittin, sannan ta faɗi lambar da ƙarfi, marubuci ya maimaita kafin ya rubuta. Wannan tsarin za su bi har ƙarshe.

Aikin rukuni ya riƙa zagayawa kullum: mai awo, marubuci, mai ban ruwa, mai duba agogo, mai duba tumatir. Idan ka bar su, yaro ɗaya mai baki zai riƙe ma'aunin mako guda, 'yan mata su ƙare a ɗebo ruwa. Rubuta jerin juyin a bangon littafin, ka riƙa dubawa.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: ba a goge lamba. Wanda ya ga ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta ta, ya rubuta sabuwar a gefe da dalili. Wata rana wani yaro ya zo mini a ɓoye ya ce, "Malam, tamu ta ƙi yin sanyi yau, ko mu rubuta irin ta jiya?" Na ce mu je mu gani. Muka tarar buhun ya bushe ƙaƙas, iska ta yaye rabinsa tun dare. Na sa ya rubuta lambar yadda take, a gefe ya rubuta abin da ya tarar. Ranar Juma'a wannan layin nasa ne ya fi kowane amfani, don shi ya nuna wa ajin girman aikin da murfi yake yi. Ka yabi irin wannan a gaban kowa, da suna. Yaranmu sun taso a tsarin da amsa mara kyau ke jawo bulala, saboda haka sai ka nuna musu a aikace cewa a nan lambar gaskiya ce ke cin maki.

Ranar Juma'a

Zana babban jadawali a allo, kowane rukuni ya zo ya cike layinsa. Abin da za su kawo shi ne ratar da ke tsakanin iskar waje da ruwan kofi a awon rana, sannan matsakaicin kwana biyar. A ce ratarsu ta kasance 8, 9, 7, 9, 7: jimla 40, a raba biyar, 8 ke nan. Tumatir kuma a jera su a faranti da lamba a ƙarƙashi, a kira ɗalibi daga wani aji wanda bai san na wa ne ba, ya yi hukunci da dokar da ke bango.

Sai a buɗe shafin farko. Kowane rukuni ya karanta alkawarinsa da ƙarfi, ya faɗi ko ya cika. Yawanci busasshen yashi ba ya nisa da shaida, mai leda ma duk da yashinta a jiƙe yake sanyinta kaɗan ne, ta lungu ta kasa ta baranda, ta rana kuma ta sha ruwa da yawa amma ba ta kai ta inuwa ba. Bar su su yi gardama a kan me hakan ke nufi. Wanda ya ce yashi ne ke kawo sanyi zai ga hasashensa ya faɗi a gaban jama'a, kuma aikinka ne ka nuna cewa rukuninsa ya rufe wa ajin wata ƙofa da ba sai an sake bi ta cikinta ba. Idan sakamakonku ya zo da wani abu dabam da wannan, kada ka lanƙwasa shi. Ku bincika tare, ku sake gwadawa.

Yanzu ne lokacin bayaninka, bayan sun riga sun ji ƙishirwarsa. Yumɓu yana da ƙananan ƙofofi. Ruwan yashi na ratsa su ya fito bayan tukunya, iska ta ɗauke shi ya zama tururi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya ja zafi daga abin da yake jingine da shi, kuma ba kaɗan yake ja ba: giram ɗaya na ruwa yana tafiya da wajen jul 2,400 (jul shi ne mudun da ake auna yawan zafi da shi), alhali jul 4.2 ne kawai ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Sa su raba da kansu, za su ga giram ɗaya da ya tashi ya isa ya sauke fiye da rabin lita da digiri guda. Aikin da zufa ke yi a jikinmu ke nan. Leda ta toshe hanyar tururin, lungu ya hana iskar da za ta kwashe shi.

Ka nuna musu iyakar abin kuma. Naɗe kan ma'auni ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga, a yi masa fifita, a kwatanta da busasshe. Lambar da jiƙaƙƙen ya sauka ya tsaya a kai, tukunya ba za ta wuce ta ba komai ƙwarewar mai haɗi. A ranar da zafi ya kai 40 kuma laimar iska ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari ba, wannan iyaka tana wajen 21. A damina, zafi 30 da laima kashi 80, iyakar tana wajen 27, sanyin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa na ce a yi aikin da rani. Kuma ka faɗa musu ƙarara: firjin lantarki yana riƙe abinci a wajen digiri 4, tukunya ba ta kusantar nan. Ta kayan lambu ce. Kada wani ya je gida ya ajiye ɗanyen nama ko kifi a ciki ya ce malam ya ce.

Zagaye na biyu: nasu ne

Mako na biyu ka janye hannunka. Ba su buƙata ɗaya da iyaka biyu: a samo haɗin da ya fi sanyi, ruwa kada ya wuce lita biyu a rana, kuma ba a sayen komai, sai abin da aka samo a gida. Iyakar ruwan tana da dalili, domin a unguwar da ake sayen ruwa a jarka, firjin da ke shan bokiti a rana ba zai zauna a gidan kowa ba.

Kowane rukuni ya zaɓi abu ɗaya da zai sauya, ya zana, ya rubuta sabon alkawari, ka sa hannu. Za su kawo dakakken gawayi a maimakon yashi, ko garin katako, ko ƙaiƙayi. Wasu za su ɗora tukunyar a kan duwatsu uku don iska ta bi ta ƙasa. Wasu za su sa tukunyar ƙarfe a ciki, wasu su ninka buhu biyu. A koyaushe akwai rukunin da zai so ya haɗa gawayi da duwatsu da ninkin buhu gaba ɗaya don ya ci gasa. Tambaye su: idan ta fi sanyi, wanne daga cikin ukun za ku gode wa? Idan suka nace, bar su su yi, amma su san za su rasa makin adalcin gwaji. A bar cikakken haɗi ɗaya na makon farko ba a taɓa shi ba, shi ne sabon abin kwatantawa, tunda yanayin wannan makon ba lalle ya zama irin na wancan ba.

Maki nakan ba da shi ne a kan littafi. Cikin 20, huɗu na alkawarin da aka rubuta kafin gwaji, biyar na adalcin gwaji, biyar na cikar jadawali da gaskiyarsa, huɗu na hukuncin da ya yi daidai da lambobin da ke shafin, biyu na abin da za a gyara in an sake. Kyan tukunya ba shi da ko ɗaya, kuma rukunin da hasashensa ya faɗi yana iya cin 20 cif. Faɗa musu wannan tun ranar farko.

Don ka tabbatar darasin ya wuce tukunya, a jarrabawa kawo abin da ba su taɓa gani a aji ba. Misali: wani manomi ya ce irin kuɓewar da aka jiƙa ya kwana ya fi saurin tsira, yaya za ka gwada maganarsa? Nemi abu huɗu a amsar: kashi biyu na iri daga kwano ɗaya, bambanci ɗaya tak a tsakaninsu, iri da yawa a kowane kashi, da abin da za a ƙirga a wace rana.

Idan damina ta riske ka ba ka yi ba, ga wasu ayyukan da ke bin wannan tsari. Gadar karan dawa a tsakanin bencina biyu, tsawo ɗaya da yawan kara ɗaya ga kowa, a rataya mata ledojin ruwa har ta karye; kowace leda mai santilita 50 rabin kilo ce, ka ga an samu ma'aunin nauyi a arha. Ko akwatin kwali mai ƙaramin huji da ke jefa hoto a kife a kan farar takarda, a riƙa sauya faɗin hujin ana duba haske da kaifin hoton. A nan sai ka ba su labarin Ibn al-Haytham, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira: ya jera fitilu a gaban ƙaramar kafa, ya ga kowace ta jefa haskenta dabam a bangon wuri mai duhu, idan ya tare ɗaya sai haskenta kaɗai ya ɓace. Ko kuma matatar ruwa ta gora da tsakuwa da yashi da gawayi, a auna garau ɗin ruwan ta hanyar zuba shi a doguwar kwalba har baƙin gicciyen da aka zana a ƙasanta ya daina ganuwa, a auna tsayin da ruwan ya kai. A wannan na ƙarshen ka kafa doka tun kafin a fara cewa ba mai kurɓar ruwan ko ya yi fari tas, domin yashi da gawayi suna tare laka ne, ba sa kashe ƙwayoyin cuta.